DANJAR AKORI-KURA BA ADO BA CE

Yau ba ƙagaggen labari na kawo muku ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na san da yawa za su ce me ya haɗa marubuciyar littattafan soyayya da ita. Maganar kuwa ita ce ta fitilun baya da na gefen tsofaffin motocin ɗaukar kayan nan da muke kira akori-kura, waɗanda ke zirga-zirga dare da rana tsakanin Dawanau da Bichi da Tsanyawa, da tsakanin Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, da ƙauyukan Minjibir da Bagwai. Ra'ayina a taƙaice shi ne, direban da ya hau kwalta da dare babu danja, babu wani abu mai ƙyalli a bayan motarsa ko a gefenta, to ya ɗauki haƙƙin mutane a wuyansa, kuma duk wanda ya gan shi ya yi shiru alhali yana da ikon yin magana, yana da nasa kason.

Kafin a yi mini mummunar fahimta, bari in fara da bai wa akori-kura haƙƙinta. Duk wanda ya san arewacin Kano ya san ƙasa ce da gona ke jingine da gona, daga wannan ƙauye kana hango rimin wancan, babu wani daji da aka bari ya huta. Abin da ya riƙe wannan ƙasa tun kaka da kakanni shi ne taki, wanda a da jakuna ke ɗaukowa a mangala daga cikin birni su kai gonaki, su komo da itace da kara. Da zamani ya juya, sai akori-kura ta karɓi rabin aikin jaki. Ita ke kai taki kafin saukar damina, ita ke kwaso gero da dawa da wake da gyaɗa da kaka, ita ke ɗauko tumatir da albasa daga lambunan dam ɗin Watari da na Tomas, ita ke kai tumaki da awaki kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi. Kai hatta kayan ɗakin amarya, da mai naƙuda da tsakar dare, da 'yan rakiyar gawa, a ƙauye da yawa ita ce gatansu.

Mafi yawan waɗannan motoci Peugeot ne, wato Fijo a bakin mutanenmu. Ƙirar 404 ta fara fitowa a Faransa a 1960, ita kuwa 504 a 1968. A nan gida an kafa kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna a 1972, ya fara fitar da motoci a 1975, ya kuma ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan su kansu Faransawa sun daɗe da barinta. Wannan ne ya sa babu makanikin ƙauyen da bai san cikinta ba, kuma kayan gyaranta suka wadata a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ka ga ke nan wasu daga cikin motocin da ke ɗaukar mu a yau sun girmi direbobinsu, wasu ma sun girme ni. Ban ga laifin tsufansu ba, domin mota mai shekara arba'in da har yau take hawa tudu da buhu ashirin ta cancanci a jinjina mata.

To amma mai karatu, don Allah duk ranar da hanya ta bi da kai titin Katsina ko na Daura bayan magariba, ka zuba ido ka lura da bayan waɗannan motoci. Za ka ga wadda gilashin danjarta ya fashe aka bar ramin haka nan. Za ka ga wadda mai walda ya sake mata bodi gaba ɗaya, ya yi mata ƙarafa masu kyau har da zanen fulawa da kirari, amma bai bar wa fitila gurbi ba. Za ka ga wadda fitilarta lafiya lau take, sai dai an sauke marfin baya don a ƙara buhu biyu, buhunan sun rufe ta ruf, ko kuma ƙafafun fasinjojin da ke zaune a baya ne suka yi mata labule. Akwai kuma wadda ƙura da baƙin hayaƙi suka lulluɓe jan gilashin, tun da aka sayo ta ba a taɓa sa tsumma an goge ba. A gaba kuwa abin ba a cewa komai, sai ka ga an jera sababbin fitilun nan farare ƙal masu kashe ido, an sa ham mai kukan jirgin ƙasa.

A nan ne gizo yake saƙar. Fitilar gaba direba yake yi wa aiki, da ita yake ganin rami da kwana, shi ya sa in ta mutu ko bashi ne zai ci ya gyara. Ita kuwa danja, da wutar birki, da wutar ribas, da fitilar gefe, direba ba ya ma ganinsu daga inda yake zaune. An yi su ne domin ɗan acaɓan da ke biye da shi, da direban bas mai ɗauke da mutum goma sha takwas, da yaron da ya tsuguna a bayan mota a tasha. Wato dai kaya ne da kake saye da kuɗinka domin amfanin wanda ba ka sani ba. Saboda haka nake ganin in kana son sanin halin direba, ka zagaya bayan motarsa ka duba.

Bari mu ɗan yi lissafi irin na 'yan sakandare, domin a gane cewa abin ba tsoratarwa ba ce kawai. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye kusan mita 22 a kowane sakan ɗaya. Kafin idon direba ya ga abu, ƙwaƙwalwarsa ta gane mene ne, ƙafarsa ta sauka kan birki, sakan ɗaya da rabi ya wuce, wato mita 33 sun tafi. Shi kansa birkin, a kan busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, yana buƙatar mita 35 zuwa 40 kafin mota ta tsaya cak. Jimilla wajen mita 70 ke nan. Alhali kuwa ƙaramar wutar mota, wadda direba ke komawa kanta in wata mota ta taho ta gabansa, da ƙyar take nuna baƙin abu daga nisan mita 50. Ka haɗa wannan da hazon hunturu, ko ruwan saman Agusta, ko hasken motar da ke tahowa yana dukan idonsa. Ma'ana, akori-kurar da ke tafiyar hawainiya ko ta mutu a gefen hanya babu wuta, kafin na baya ya gan ta lokacin tsayawa ya riga ya ƙure masa, ko da kuwa shi ne gwanin gwanaye.

Yanzu kuma dubi abin da ɗan jan gilashin nan mai ƙyalli yake yi, wanda direbobi ke kira rifilekta. In ka ɗauke shi ka duba cikinsa za ka ga ƙananan kusurwoyi birjik kamar saƙar zuma. An ƙera su ne ta yadda duk hasken da ya faɗa musu sai su mayar da shi daidai inda ya fito, wato fuskar direban da ya hasko. Da shi ana hango mota daga nisan da ya wuce mita 100 nesa ba kusa ba. Ba ya shan batir, ba ya buƙatar waya, ba shi da ƙwan da zai ƙone. Ko injin ya mutu, ko an cire batirin an tafi da shi gari caji, shi yana nan yana aikinsa har gari ya waye. Haka ita ma sitikar nan mai ƙyalli, mai ratsin ja da fari ko ruwan ɗorawa, da ake mannawa a jikin tankoki da tireloli.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun 1934 wani Bature ɗan Ingila mai suna Percy Shaw ya yi rajistar ƙirƙirarsa ta 'yan ƙwayoyin gilashi da ake dasawa a tsakiyar titi, waɗanda aka sa wa suna idon kyanwa. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin 3M na Amurka ya fito da leda mai ƙyalli ta allunan hanya. A Amurka ɗin, daga 1968 doka ta tilasta kowace sabuwar mota ta zo da alamar gefe, ruwan ɗorawa a gaba, ja a baya, daga 1970 kuma aka ce sai an haɗa fitila da rifilekta duka biyun. Daga Disambar 1993 suka tilasta manna sitika mai ƙyalli a jikin sababbin manyan tireloli, kuma da hukumar kiyaye haɗurran ƙasar ta yi bincike ta fitar da sakamako a 2001, sai ta gano cewa karon da ake yi wa tirelolin ta baya da ta gefe cikin duhu ya ragu da kashi 29 cikin ɗari, a hanyoyin da babu fitilun titi kuwa da kashi 41. Hanyoyin ƙauyukanmu ai duk irin na biyun ne.

Na kawo zancen Amurka ne saboda batun gefe, wanda shi ne aka fi mantawa da shi a wajenmu. Ƙa'idar Turai ba ta tilasta fitilar gefe ga ƙananan motoci ba sai abin da tsawonsa ya wuce mita 6, don haka Fijo ba ta zo mana da ita ba tun daga kamfani. To amma Bafaranshen da ya zana ta bai san za a ɗora mata karan dawa ya yi fukafukai hagu da dama ba, bai san za a ɗaura mata azara ko rodi ya zarce bayanta da taku biyar ba. Sannan a ƙasa irin tamu mai ƙauyuka kusa da kusa, kowane ɗan taƙi akwai burtali ko hanyar birji da ke fitowa kan kwalta. Akori-kura za ta fito daga gona a hankali, ta gindaya a tsakiyar titi kafin ta miƙe, fitilarta na kallon gabas, kai kuma ka taho daga kudu. A wannan lokacin babu abin da za ka gani sai duhu a cikin duhu. Sitika mai tsawon kamu biyu a kowane gefe ta isa ta raba wannan gardama.

Ita kuwa wutar ribas, farar nan da ke kamawa in an sa giyar baya, wasu tsofaffin motocin ba su ma zo da ita ba, waɗanda suka zo da ita kuma ɗan makunnin da ke jikin giya ya daɗe da mutuwa. Amfaninta biyu ne, ta haska wa direba bayansa, ta kuma shaida wa na ƙasa cewa mota ta taho. Ka tuna yadda kasuwar ƙauye take watsewa da almuru, ga 'yan talla da farantai a ka, ga almajirai na tsintar hatsin da ya zube a ƙarƙashin motoci, ga tsofaffi na ɗaure kaya. Direba ya cika mota har madubinsa ba ya nuna komai sai buhu, abin da ya dogara da shi kawai shi ne yaron mota da ke bubbuga bodi yana cewa taho, taho. Ranar da yaron ya tsaya karɓar kuɗin lodi fa?

Na taɓa tayar da wannan zance da wani dattijon direba a tashar Ɗambatta, mutumin kirki mai furfura, muna jiran mota ta cika. Na ce, "Baba, ga motarka tsaf-tsaf, amma ban ga danja ko ɗaya ba." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke dai ki yi mana addu'a. Shekarata talatin a kan hanyar nan, ko kaza ban taɓa takawa ba. In na sa ƙwai yau, kafin in je Kunci in dawo gargada ta kashe shi. Kuma abin da Allah Ya rubuta ai babu fitilar da za ta hana." Na ce, "Gaskiya ne Baba, Allah Ya ƙara tsarewa." Ban ja da shi ba saboda girmansa, amma maganganun nan nasa uku su ne hujjar kusan kowane direba, don haka ya kamata a amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, cewa bai taɓa taka kowa ba. Na yarda, domin mota marar danja ba ita ke takawa ba, ita ake dakawa. Sau nawa wani ya kauce masa da ƙyar ya faɗa gona, shi kuwa ya wuce abinsa bai ma san an yi ba? In kuma aka daki bayansa, al'adarmu ita ce a ce wanda ya daka ta baya shi ne mai laifi, a ce gudu yake yi, a ce ɗan acaɓa ne dama ba su da hankali. Sau da yawa wanda zai faɗi gaskiyar abin da ya gani, ko abin da bai gani ba, shi ne aka lulluɓe da zane a gefen titi.

Ta biyu, batun gargada da tsadar gyara. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Hanyoyin birji suna kashe ƙwai, tsatsa tana cin wayar da ke haɗe da ƙarfen bodi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 direban ƙauye yana aiki ne kusan don gidan mai. Ba na raina wahalarsa. Sai dai ƙwan danja bai kai kuɗin galan ɗin mai ba, kuma a yawancin lokuta abin da mai gyaran wuta zai yi bai wuce ya kankare tsatsa ya canja fis ba. In ma an ce wannan ya yi yawa, ai sitika mai ƙyalli gargada ba ta kashe ta, sau ɗaya ake manna ta a yi shekaru. Mutumin da ya iya sayen ham mai kukan jirgi da fitilar gaba guda huɗu bai isa ya ce mini talauci ne ya hana shi ba.

Ta uku, ƙaddara. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma shi wannan dattijo da kansa yana duba ruwan lagireto kowace safiya, yana ɗaure kaya da igiya, yana kulle motarsa da dare. Bai taɓa barin taya babu iska ya ce in Allah Ya rubuta zai isa ba. Me ya sa sai a kan abin da zai tsare ran wani ne kaɗai ake tuno da ƙaddara? Hausawa dai sun ce Allah Ya ce tashi in taimake ka. Ko a littattafanmu na hikaya, dubi yadda hatsarin mota ya zama hanya mafi sauƙi ta raba masoya, a layi biyu an kashe miji an bar amarya da takaba, kowa ya ce Allah Ya jiƙansa a wuce. Haka muke yi a zahiri, mu yi ta'aziyya, mu ce kwana ne ya ƙare, babu mai tambayar ko motar da aka daka tana da wuta.

Akwai kuma masu ra'ayin cewa a hana waɗannan tsofaffin motoci hawa titi kawai a huta. Waɗannan galibi mutanen birni ne da ba su taɓa neman motar da za ta kai buhun wake daga ƙauye zuwa Dawanau ba. In ka kori akori-kura, da me manomi zai maye gurbinta? Wa zai saya masa sabuwar Hilux? Abin da zai faru shi ne kayan su koma kan amalanken shanu da babura masu ƙafa uku, waɗanda su ma da yawansu haka suke bin gefen kwalta da asuba babu ko ƙyallin ashana. Gyaran da ake nema ƙarami ne, bai kai a rushe sana'ar dubban magidanta ba.

To wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa? Hukumomi dai akwai su. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988, jihar Kano ta kafa KAROTA a 2012, ga kuma jami'an duba lafiyar motoci, kuma dokar hanya ta riga ta wajabta fitilun baya. Amma babu gwamnatin da za ta iya ajiye jami'i a bakin kowane burtali da ƙarfe tara na dare. Kuma ni ina tsoron duk gyaran da zai ƙare a tara, domin mai biyan tara yakan biya ya wuce, motar kuma ta kwana yadda take. In ma za a tare direba, na fi son a sa shi ya sayi sitikar a nan take a manna a gaban jami'i, maimakon a karɓi kuɗinsa a ba shi takarda.

A ganina maganin yana tasha. Babu akori-kurar da ke lodi a kasuwa ba da sanin 'yan ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho ba. Su ke rubuta layi, su ke karɓar kuɗin tasha, sun san kowace mota da mai ita. Da shugabannin ƙungiya a Bichi da Ɗambatta da Kunci da Minjibir za su ce daga yau duk motar da ba ta da danja mai kamawa da sitika a baya da gefe ba za ta shiga layi ba, wallahi mako biyu ya yi yawa. Ƙungiya ta sayo nadin sitikar a sari, ta yanka ta sayar wa 'ya'yanta a kan sauƙi. Masu walda su ma su mayar da shi ƙa'idar sana'a, kada bodi ya bar garejinsu sai da gurbin fitila da ɗan ƙarfen da zai kare ta daga buhu. Dagatai da masu unguwanni su yi wa masu amalanke magana. Su kuma 'yan siyasarmu da ke raba hotunansu ana mannawa a bayan motoci duk kakar zaɓe, don Allah ku riƙa buga su a kan leda mai ƙyalli, ko ba komai fuskokinku sa yi wa talaka wani amfani da dare.

Sauran mu fasinjoji, musamman mu mata da muke cika bayan waɗannan motoci ranar biki da ranar kasuwa da goyo a bayanmu. 'Yar'uwa, in za ki hau da yamma, ki tuna cewa ke ce a zaune daidai inda za a daka. Ba rashin kunya ba ne ki ce wa yaron mota ya taka birki ki ga ko wuta ta kama, ko ki ce a janye buhun da ya rufe ta. In kunya ta hana ki, ki sa maigida ko ɗanki ya tambaya. Direba zai yi gunaguni ranar farko, amma in mutum biyar suka tambaye shi a mako ɗaya, da ƙafarsa zai je wajen mai gyaran wuta.

Ku kuma direbobi iyayenmu da yayyenmu, ba na raina sana'arku, da guminku ake ci a birni da ƙauye. Abin da nake roƙo bai fi aikin minti biyu ba kafin a tashi: yaro ya tsaya a baya, a kunna wuta, a taka birki, a sa ribas, a goge gilashi da tsumma. In mota ta mutu a hanya, a tura ta ta sauka daga kwalta, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku can nesa da ita, domin ganyen da ake kakkaryowa a zuba a titi da rana yake aiki, da dare shi ma baƙi ne. In an gama gyara kuma a kwashe duwatsun da aka tare taya da su.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba masu jinya lafiya. Wanda ya san wani direba ko shugaban tasha, don Allah ya isar masa da saƙon nan. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.